Soichiro Honda: Ɗan maƙerin da ya gane cewa ƙarar inji daban, ƙarfinsa daban

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakanike a Sabon Birni ko Isa ranar kasuwa ya san yadda matasa ke turo mashin suna neman a ƙara masa wuta. Wani a huda masa salansa, wani a taɓa kafireta, wani kuma a faɗaɗa ramin silinda a sa fistin mafi girma. Ba son burga kaɗai ba ne. A wannan yanki na Gobir, mashin ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ratsa yashi da buhun gero, kuma tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyi kowa na son abin hawan da ba zai tsaya masa a daji ba. Matsalar ita ce da kunne ake yanke hukunci: da zarar ƙara ta ƙaru, sai a ce ƙarfi ya ƙaru.

Mutumin da sunansa ke jikin tankin babura da dama a yankin shi ma da hannu da kunne ya fara, kuma sai da ya sha kunya kafin ya koma ga awo.

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamba, 1906, a wani ƙauye kusa da Hamamatsu a ƙasar Japan. Mahaifinsa maƙeri ne mai gyaran kekuna, mahaifiyarsa masaƙiya. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon aiki a garejin Art Shokai, inda ya shafe watannin farko yana goyon jaririn maigidan maimakon riƙe sifana. Bayan shekara shida ya koma Hamamatsu ya buɗe reshen garejin. Yana son tsere ƙwarai, har ya yi wa wata mota ƙirar Ford gyaran ƙara gudu, ya shiga gasa da ita a 1936, ya yi hatsarin da ya kusa kashe shi.

Daga nan ya koma ƙera ringin fistin, yana ganin abu ne mai sauƙi ga ɗan maƙeri. Cikin guda 50 da ya miƙa wa kamfanin Toyota don gwaji, uku kawai suka tsallake. A ido ringin ba su da aibu, amma haɗin ƙarfen ne ba daidai ba, abin da hannu ba ya iya ji. Mai gareji da yara a ƙarƙashinsa, sai ga shi ya koma aji a makarantar fasaha ta Hamamatsu yana koyon ilimin ƙarafa. Bai fita da takardar shaida ba, amma ringinsa sun fara karɓuwa.

Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasa ta 1945 sun rusa masana'antunsa, ya sayar wa Toyota abin da ya rage. A 1946 ya fara ɗaura ƙananan injinan janareta da sojoji suka bari a jikin kekuna. A Satumbar 1948 aka kafa kamfanin Honda, shekara guda bayan haka Takeo Fujisawa ya shigo ya riƙe harkar kuɗi da kasuwa, ya bar Honda da injina.

Kunya ta biyu ta fi ta farko zafi. A 1954 ya shelanta cewa kamfaninsa zai shiga shahararriyar gasar babura ta tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan, sannan ya je ya gani da idonsa. Ya tarar baburan Turai, musamman na kamfanin NSU na Jamus, suna fitar da ƙarfin da ya kusa ninka nasa sau uku, alhali girman injin ɗaya ne. Ya dawo gida da kayayyakin gyara da ya sayo a Turai don a warware su a yi nazari.

Irin wannan tazara ba a cike ta da huda salansa. Ana cike ta ne a kan na'urar auna ƙarfin inji, wadda makanikan tsere ke kira daino. Ana haɗa injin da ita, ko a ɗora tayar baya a kan wani gangan ƙarfe mai juyawa, a buɗe wuta, na'urar ta nuna ƙarfin doki nawa ake samu a kowane matakin juyawa. A yau har da yawan iska da fetur da ke haɗuwa ana gani. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska don ya ƙone sarai, amma inji ya fi ba da ƙarfi in an ɗan ƙara fetur, wajen kashi 13 na iska ga kashi ɗaya. Shi ya sa buɗe salansa ba tare da daidaita kafireta ba kan sa fetur ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, wani lokaci har fistin ya ƙone, mai mashin kuwa yana ta murna da ƙara.

Injiniyoyin Honda sun zaɓi ƙananan silinda masu yawa da ke juyawa da matuƙar sauri. Sun fara shiga gasar a 1959, a 1961 kuma suka kwashe matsayi biyar na farko a ajin 125 da na 250. Zuwa 1966 suna da injin 250 mai silinda shida da ke juyawa kusan sau 18,000 a minti ɗaya, yana ba da ƙarfin doki wajen 60.

Amma ba wannan babur ne ya ciyar da kamfanin ba. Super Cub na 1958 ne, ɗan ƙaramin mai ƙarfin doki huɗu da rabi, wanda zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. A ganina nan ne wayon mutumin yake: ya san inda ake neman gudu, ya san inda ake neman juriya, bai cakuɗa su ba.

Ba waliyyi ba ne. Ya yi suna wajen zafin rai, yana yi wa injiniyoyi tsawa, har duka yakan kai. Kuma awon da ya koya musu ya juyo kansa. A ƙarshen shekarun 1960 ya kafe cewa iska ce ta fi dacewa da sanyaya injin mota, matasan injiniyoyinsa suka nace kan ruwa. Motar Honda 1300 da aka yi bisa ra'ayinsa ba ta yi kasuwa ba, Fujisawa ya sa baki, Honda ya sakar musu. Civic ta 1972 da ruwa ake sanyaya ta. A 1973 shi da Fujisawa suka sauka tare.

Babur ɗin da ya fi shafar irin hanyoyin Gobir ya fito ne bayan saukarsa. Injiniyoyin kamfanin sun zaga ƙasashe masu tasowa, suka ga ana lodin da ya wuce kima, ba a sauya baƙin mai kan lokaci, ƙura na toshe matatar iska. Sai suka fitar da CG125 a 1975, mai sauƙin inji da ƙarfin doki kimanin 11, wanda aka tsara don ya jure rashin kulawa. Kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi injinsa, don haka wanda ya kai irin wannan mashin a faɗaɗa masa silinda, rarar juriyar da aka ajiye masa ce yake musanyawa da ɗan gudu.

Kamfanin ya kafa reshensa na haɗa babura a Nijeriya a 1979, masana'antar tana Ota a Jihar Ogun. Soichiro Honda ya rasu a Tokyo ranar 5 ga Agusta, 1991, yana da shekara 84, sakamakon ciwon hanta.