Steve Biko: Kisan gillar da ba a hukunta kowa a kansa ba

An haifi Stephen Bantu Biko ranar 18 ga watan Disamban 1946 a yankin Gabashin Cape na ƙasar Afirka ta Kudu, ya kuma tashi a unguwar baƙar fata ta Ginsberg. A shekarar 1966 ya shiga Jami'ar Natal domin karatun likitanci, amma fafutukar siyasa ta sha gaban karatun.

A can ne ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta SASO, ya zama shugabanta na farko a 1969. Manufarsa ita ce baƙar fata su kawar da ƙasƙancin da mulkin wariyar launin fata ya cusa a zukatansu, su dogara da kansu wajen ƙwatar 'yancinsu. Wannan kira ya tayar da hankalin mahukunta, inda a 1973 suka hana shi fita daga gundumarsa da kuma yin jawabi a bainar jama'a.

Ranar 18 ga watan Agustan 1977 'yan sanda suka cafke shi a wani shingen bincike. A birnin Port Elizabeth aka lakaɗa masa duka har ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, sa'annan aka jefa shi tsirara cikin ankwa a bayan mota, aka yi tafiyar sama da kilomita 1,000 da shi zuwa Pretoria. A can ya cika ranar 12 ga watan Satumba, yana da shekaru 30 a duniya.

Da farko ministan shari'a Jimmy Kruger ya danganta mutuwar da yajin cin abinci, kotun bincike kuma ta ce babu mai laifi. Bayan rushewar mulkin wariya, tsofaffin 'yan sanda biyar sun nemi afuwa daga Hukumar Binciken Gaskiya da Sasantawa, ta kuma hana su, amma a 2003 hukumomi suka ce babu isassun shaidun gurfanar da su.

Sai a watan Satumban 2025, shekaru 48 bayan rasuwarsa, aka sake buɗe binciken, a lokacin da akasarin waɗanda ake zargi sun riga mu gidan gaskiya ba tare da sun fuskanci hukunci ba.