Ernest Cole: Mai ɗaukar hoton da littafinsa ya raba shi da gida

An haifi Ernest Cole a Afirka ta Kudu a 1940, ya kuma yi aiki a mujallar Drum. Talakawa ya riƙa bi da kyamararsa: leburorin haƙar ma'adinai tsirara ana duba lafiyarsu, fasinjoji cunkushe a jirgin ƙasa.

A 1966 ya sulale da hotunan. Da littafinsa House of Bondage ya fito a 1967, gwamnatin wariyar launin fata ta haramta shi, ta toshe masa hanyar komawa gida.

A Amurka ya ci gaba da ɗaukar rayuwar baƙaƙen fata, kafin talauci ya kai shi kwana a titi. Ya rasu a New York a 1990, kwanaki kaɗan bayan sakin Mandela. Sai a 2017 aka gano hotunansa kusan 60,000 a wani bankin Sweden.