TUNA BAYA: Nde Yohanna Gowon, Mai Bishara Kuma Manomi Da Ya Haifi Shugaban Ƙasa

Duk wanda ya yi aikin gwamnatin tarayya ya san sunan Janar Yakubu Gowon, ko don shirin yi wa ƙasa hidima da ya kafa, ko don jihohi 12 da ya ƙirƙiro. Kaɗan ne suka san mahaifinsa, Nde Yohanna Gowon, dattijon da ya yi tsawon rai yana wa'azin bishara yana noma, har ya rasu a 1973 lokacin da ɗansa ke kan karagar mulki. Ƙaurar da wannan talaka ya yi da iyalinsa a 1936 tana cikin abubuwan da suka tsara wanda ya riƙe Najeriya a shekarunta mafi haɗari.

An haifi Yohanna a ƙarshen ƙarni na 19 a Lur, wani ƙauyen Angasawa da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato a yau. Angasawa suna kiran kansu Ngas, kuma Nde laƙabin girmamawa ne da suke yi wa dattijo. Da Turawa suka kafa mulki, sai suka sa wannan yanki ƙarƙashin Lardin Bauchi, a nan ya zauna har aka yanke Lardin Filato a 1926. Saboda haka ƙuruciyar Yohanna da farkon aikinsa duk a ƙasar Lardin Bauchi suka kasance.

A wannan zamani ne 'yan mishan na ƙungiyar CMS, ta ɗarikar Angilika, suka hau tsaunukan. Sun buɗe tasha a Panyam a 1907, sannan a Kabwir, tsakiyar ƙasar Angas, a 1910. Yohanna yana cikin Angasawan farko da suka bar addinin gargajiya suka karɓi Kiristanci. A lokacin ba ƙaramin abu ba ne, domin addinin kaka da kakanni shi ke riƙe da aure da gado da bukukuwan noma, wanda ya fita daga cikinsa kuwa ya taɓa zumunci. Ya koyi karatu wajen 'yan mishan, ya zama mai bishara, yana bin ƙauyukan danginsa da wa'azi cikin harshensu. Ya auri Matwok Kurnyang, Allah ya ba su 'ya'ya 11. Yakubu, wanda aka haifa ranar 19 ga Oktoba, 1934, shi ne na biyar.

A 1930 aka yi wani sauyi da ba a ƙauye aka yanke shi ba. CMS ta miƙa tashoshinta na Panyam da Kabwir ga wata ƙungiyar mishan, SUM, ta tattara ƙarfinta a ƙasar Zazzau. Ma'aikaci ya san irin wannan rana: a haɗe ma'aikatu daga sama, na ƙasa ya wayi gari da sababbin shugabanni da sabon tsari. Bayan shekara shida, Yohanna ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, Yakubu bai fi shekara biyu ba, suka sauka a Wusasa.

Ita Wusasa sabuwar unguwa ce a lokacin. Dokta Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, amma a 1929 aka fitar da mishan ɗin bayan ganuwa, zuwa gindin dutsen Wusasa. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibiti. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya daɗe a kansa. Kiristocin Wusasa yawancinsu Hausawa ne da Fulani, da Hausa suke sujada, da ita suke ciniki.

Nan Yohanna ya zama baƙo. Mutumin da ya saba wa'azi da harshen uwarsa ya tarar da jama'a masu wani harshe, wasunsu kuma sun yi zurfi a boko. Abin da ya riƙe gidansa shi ne noma da aikin ƙarfi. Da fartanya ya ciyar da 'ya'ya 11, ya kuma tura su makaranta, a zamanin da ɗa namiji hannu ne a gona, barinsa ya tafi aji kuwa asarar kwadago ce ga uba. Bai bar majami'a ba, bai kuma koma Lur ba.

Ribar wannan haƙuri a makarantar St. Bartholomew ta fito. Wusasa ce ta ba Arewa likitanta na farko, Dokta R. A. B. Dikko, kuma a makarantarta Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Yakubu ma a nan ya fara, ya wuce Midil ta Zariya, ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Zariya wadda ake kira Barewa, sannan ya shiga soja a 1954, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila. Ya tashi Ba'angashe, Kirista, mai jin Hausa kamar Bazazzagi, abokin karatun 'ya'yan Musulmi.

Wannan tarbiyya ta yi rana a 1966. Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, ƙasa na neman tarwatsewa, aka buƙaci hafsan da sojojin Arewa za su yarda da shi, wanda kuma sauran sassa ba za su ɗauke shi wakilin masu rinjaye ba. Ranar 1 ga Agusta Yakubu ya zama Shugaban Ƙasa yana da shekara 31. Da Yohanna ya zauna a Lur, da wuya ɗansa ya haɗa waɗannan siffofi.

Dattijon ya ga yaƙin basasa tun farawarsa a Yulin 1967 har ƙarewarsa a Janairun 1970. Ya ga auren ɗansa da Victoria Zakari a 1969, ya ga jikoki. Mulki na Dodan Barracks a Legas, shi kuwa gidansa na Wusasa, cikin maƙwabtan da suka san shi tun yana baƙo da fartanya a kafaɗa.

Ya rasu a 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, aka kuma kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ke tura matashi ya zauna shekara guda cikin mutanen da ba nasa ba. Shi Yohanna ya yi irin wannan zama shekara 37. Allah bai nuna masa ranar 29 ga Yulin 1975 ba, lokacin da aka hamɓarar da ɗansa yana taron ƙasashen Afirka a Kampala.

Majami'ar jar ƙasa da ya yi sujada a cikinta tana nan tsaye a Wusasa, kuma har yau idan aka ambaci gidajen da suka yi suna a unguwar, ana lissafa gidan Gowon, gidan baƙon da ya zo daga tsaunukan Angas.