Shehu Abdulƙadir Jilani: Ba'ajamen da Bagadaza ta yi shiru ta saurara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

An haifi Sidi Abdulƙadir, Allah Ya ƙara masa yarda, a ƙasar Jilan da ke arewacin Iran ta yau, wajen shekara ta 470 bayan hijira (1077). Harshen da ya buɗi baki da shi na Ajamawa ne. Yana ɗan shekara 18 ya shiga Bagadaza neman ilimi, a 488 (1095), shekarar da Imamu Gazali ya bar kujerar karantarwarsa a makarantar Nizamiyya. Bagadaza a lokacin garin halifa ce, mutanenta kuma masu kunnen Larabci ne. Mai wa'azi in ya karkatar da wasali ɗaya, kafin ya sauko daga kujera an riga an kama shi.

Ya ɗauki fiƙihun Hambaliyya wajen Ibn Aƙil da Alƙali Abu Sa'id Mukharrimi. Luga da adabi kuwa wajen Abu Zakariyya Tabrizi ya koye su, malamin Nizamiyya, almajirin Abul Ala Ma'arri, wanda ya yi sharhin tsofaffin waƙoƙin Larabawa. A gaban irin wannan malami ba a wuce kalma sai an san tushenta, da yadda Larabawan farko suka yi aiki da ita, da inda take nauyi a baki. Tarbiyyar zuciya kuma a hannun Shehu Hammad Dabbas ya same ta, mutum mai tsanani ga almajiransa. Bayan haka sai dogayen shekarun halwa da yunwa a dazuzzuka da kangayen Iraƙi, inda babu mai sauraro balle mai yabo.

Da lokacin magana ya zo, shi da kansa ya ja da baya. Imamu Zahabi ya kawo labarin haɗuwarsa da Shehu Yusuf Hamadani, wanda ya umurce shi ya yi wa mutane wa'azi. Sidi Abdulƙadir ya kawo uzurin cewa shi Ba'ajame ne, ba ya ganin ya isa ya buɗe baki gaban fasihan Bagadaza. Shehu Yusuf bai karɓi uzurin ba. Ya lissafa masa abin da ya riga ya hardace na fiƙihu da usulu da nahawu da luga da tafsiri, sa'an nan ya ce ya hau kujera. Littattafan manaƙibu kuma sun ruwaito cewa ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kawo masa wannan uzurin, Manzo ya yi masa tofi a baki sau bakwai, bayansa Sayyidina Aliyu ya yi sau shida don ladabi.

Wannan ruwaya ta tofi kowane muridi ya san ta, kuma mun yi imani Allah Yana buɗe harshen wanda Ya so. Amma ƴan uwa, mu yi lissafi. Daga shigarsa Bagadaza a 488 zuwa wa'azinsa na farko a 521 (1127) shekara 33 ke nan. Buɗin ya sauka ne a kan tukunyar da aka daɗe ana gasawa. A wuraren maulidi da majalisun zikirinmu, daga Maraɗi har Damagaram, mutum biyu ne ke bukatar jin haka: saurayin da ya karɓi lasifika bai gama Ajurumiyya ba, da almajirin da ya sha karatu amma kunya ta rufe masa baki don wai harshensa na gida ya fi Larabcinsa ƙarfi.

Farkon majalisinsa mutum biyu ko uku ne ke zama. Labari ya bazu, makarantar malaminsa Mukharrimi da ke Babul Azaj ta yi wa jama'a kaɗan, har aka faɗaɗa ta a 528, masu kuɗi da dukiyarsu, talakawa da ƙarfinsu. Yakan yi wa'azi sau uku a mako: safiyar Juma'a da yammacin Talata a makaranta, safiyar Lahadi a ribaɗi. Masu alƙalami suna zaune suna rubutawa, shi ya sa yau muke da Fathur Rabbani, majalisi 62 na shekarun 545 da 546, da kuma Futuhul Gaib.

Wanda ya karanta waɗannan majalisai zai yi mamakin sauƙinsu. Almajirin Tabrizi da ya so burge malamai da baƙin kalmomi, da yana da su jibge. Sai ga jimloli gajeru, umurni da hani kai tsaye, yana kiran mai sauraro kamar uba na kiran ɗansa, ko ya juya ya kira jama'a gaba ɗaya. Misalansa daga kasuwa suke, da gona, da ƙofar sarki, da likita da majiyyacinsa. Yakan ɗauki ma'ana ɗaya, kamar dogaro ga Allah, ya yi ta juya ta ta fuskoki daban-daban har sai ta zauna. Yana tsoratarwa, amma ba ya barin mutum ya tashi ƙofar tuba na rufe. An ruwaito ɓarayi da mashaya suna tuba a gabansa, Yahudu da Nasara suna musulunta.

Kaifin harshen bai tsaya ga talakawa ba. Ya sha caccakar malaman da ke cin abinci da iliminsu a ƙofar masu mulki. An kuma ruwaito cewa da halifa Muƙtafi ya naɗa wani azzalumin alƙali, Shehu ya tsawata masa daga kan mumbari, ya tuna masa tsayuwa gaban Allah, halifan ya tsorata ya tuɓe alƙalin.

Shekara 40 ya yi yana wa'azi da karantarwa da ba da fatawa. A kwanakinsa na ƙarshe ne Ibn Ƙudama, mai littafin Mugni, ya zo daga Dimashƙa ya sauka a makarantarsa yana karatu a gabansa. Ya rasu a 561 (1166) yana da shekara kusan 90, aka rufe shi a cikin makarantar ta Babul Azaj, inda ake ziyartarsa har yau. Allah Ya amfanar da mu da albarkarsa, amin.