Ed Roberts: Ya ƙera kwamfutar da ta haifi Microsoft, ya ƙare a likitan karkara

A 1974 bashi ya yi wa Ed Roberts katutu. Kamfaninsa MITS da ke Albuquerque a Amurka na'urorin lissafi yake sayarwa, sai manyan kamfanoni suka karya farashi.

Sai ya yi kasada, ya ƙera Altair 8800, ƙaramar kwamfutar da mai saye zai harhaɗa da hannunsa a gida. Popular Electronics, mujallar masu sha'awar haɗa kayan lantarki, ta yarda ta sa ta a bangon fitowarta ta Janairun 1975. Samfurin ɗaya tilo da aka aika mata ya ɓace a hanya. Hoton da duniya ta gani na akwati ne fanko, sai fitilu da maɓallai a gaba.

Duk da haka oda ta yi ta kwarara har dubbai, a kan kusan dala 400, ga na'urar da ko allo ba ta da shi. Cikin waɗanda suka ga mujallar akwai Paul Allen da Bill Gates. Suka rubuta wa na'urar manhajar BASIC, mafarin Microsoft ke nan.

A 1977 Roberts ya sayar da kamfanin, ya koma noma a jihar Jojiya, sannan ya shiga karatun likita, wanda ya daɗe yana buri. Ya kammala a 1986, ya riƙa duba marasa lafiya a ƙaramin garin Cochran.

Ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 1 ga Afrilun 2010, yana da shekara 68. Kwanaki kaɗan kafin nan Gates ya je duba shi a asibiti.