Margaret Knight: Matar da Ta Zana Inji

A unguwarmu ta Yalwawa da ke Dutse akwai wani injin markaɗe da nake kai niƙa tun ina firamare. Wata rana bel ɗin injin ya kama gefen mayafin wata yarinya, ba don mai injin ya yi hanzarin kashe shi ba, da abin ya yi muni. Na dawo gida ina tunanin yadda za a yi wa bel ɗin murfi, har na zana shi a bayan littafin lissafi. Yayyena maza suka yi ta dariya, wai ina ruwan mace da ƙarfe. Daga baya na karanta tarihin wata baiwar Allah da ta fara da irin wannan tunani, shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai.

An haifi Margaret Knight a garin York na jihar Maine, a ƙasar Amurka, a shekarar 1838. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, sai iyalin suka koma wani gari mai suna Mancesta, ba na Ingila ba, na jihar New Hampshire, inda akwai manyan masaƙun auduga. Talauci bai bar ta ta yi nisa a makaranta ba. Amma tun tana yarinya ita ce ke ƙera wa 'yan'uwanta maza kayan wasa da katako.

Tana da shekara 12 ta ga wani hatsari a masaƙa. Ƙoshiya mai bakin ƙarfe ta kuɓuce daga injin saƙa ta ji wa wani ma'aikaci rauni. Maimakon ta tsaya ga jajantawa kaɗai, sai ta ƙirƙiro wata dabara ta hana irin wannan hatsari, masaƙu kuma suka karɓa. Ba ta sami ko kwabo ba, domin ba ta yi rajistar abin da sunanta ba.

A 1867 ta kama aiki a wani kamfanin yin jakar takarda a garin Springfield na jihar Massachusetts. A wancan zamani jakar da inji ke yi kamar ambulan take, ba ta tsayuwa, ba ta kuma cin kaya da yawa. Mai shimfiɗaɗɗen gindi kuwa, wadda za a ajiye ta tsaya da kanta, da hannu ake naɗe ta ɗaya bayan ɗaya. Margaret ta zauna ta yi ta zane da awo, har ta fito da injin da zai yanka takarda, ya naɗe ta, ya liƙe gindin, duk shi kaɗai. Da farko ta ƙera shi da katako, ya kuwa yi aiki. Sa'an nan ta kai shi wani shagon maƙera a birnin Bostan don a yi mata na ƙarfe.

A nan ne wani mutum mai suna Charles Annan ya ga injin, ya kwaikwayi fasalinsa, ya riga ta zuwa ofishin rajistar ƙirƙira. Da labari ya iske ta, ba ta yi kuka ta haƙura ba, ta shigar da ƙara. Abin da ya cece ta shi ne ajiyar da ta yi. Ta kawo zane-zanenta, da littafin da take rubuta aikinta, da shaidun da suka ga injin tun yana na katako. Ta ci shari'ar, aka ba ta takardar haƙƙin ƙirƙira a 1871. Gaskiya dokin ƙarfe ce, amma sai da takarda a hannu ta hau shi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta gyara injin ta sake yin rajista a 1879. Bayan haka ta ƙirƙiro injunan yanka fatar takalmi, da na buga lamba, da wani fasalin taga. A farkon shekarun 1900, tana da shekara sittin da wani abu, ta koma zanen injuna masu juyawa. Takardun haƙƙin ƙirƙira da ta samu sun haura 20. Duk da haka ba ta tara dukiya ba. Ta rasu a garin Framingham a watan Oktoba na 1914. A 2006 aka sa sunanta a zauren tunawa da manyan masu ƙirƙira na Amurka.

Darasin da na ɗauka shi ne, aikin injiniya mai zana inji ba ƙarfin damtse yake bukata ba. Yana bukatar ido mai lura, da lissafi, da haƙurin sake zane sau goma. Dabararta ta farko ta tafi a banza don ba ta kare ta ba, ta biyu kuwa rubutu ne ya tsare mata ita.

Mu yau mun fi ta dama. Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙofar kuma a buɗe take ga mace. Matsalolin ma a gabanmu suke: surfe, da sussuka, da ɓarar gyaɗa, da cire ƙwallon dabinon Dutse. Yawancin wannan wahala iyayenmu mata ke sha, wa ya fi mu sanin inda take ciwo?

Ni dai na sayi sabon littafi, na kwafe zanen murfin bel ɗin a shafin farko, na rubuta kwanan wata a samansa. Ina roƙon 'yan'uwana mata da kada su guji darasin lissafi da na zanen fasaha. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.