Ladi Kwali, Malamar Ginin Tukwane



Kafin ki ci gaba da karatu, ina so ki kwance bakin zanenki, ko ki buɗe jakarki, ki ɗauko takardar naira ashirin. A gabanta za ki ga hoton marigayi Janar Murtala Muhammed. To, juya bayanta. Za ki ga wata mace ta duƙufa a kan tukunya tana gini. Sau nawa kika miƙa wannan takarda ga mai kayan miya ko mai kifi a kasuwar Warra ba ki tambayi ko wace ce ba? Sunanta Ladi Kwali, kuma tarihinta zan ba ki yau, gama malama ce ta aikin hannu, irin aikin da mu da 'ya'yanmu muka fara rainawa.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, ƙasar Gwari, watau Gbagyi, wanda yanzu yake cikin yankin babban birnin tarayya. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, yarinya takan tashi ta tarar da iyayenta mata suna yi. Ladi ba ta shiga aji ba, ba ta riƙe alli ba. Makarantarta ita ce gindin wata uwarta ta dangi, wadda ta koya mata yadda ake haƙo yumɓu, a cuɗa shi, a murza shi dogo-dogo kamar igiya, a riƙa ɗora wani bisa wani ana shafewa da hannu har tukunya ta tashi. Babu na'ura ko ɗaya. Tukunyar tana zaune wuri guda, maginiya ce take kewaya ta. Kayan aikin ma ba na saye ba ne: sakaina, da ɓawon katantanwa, da 'yar wuƙar katako ta yin zane. In tukwane sun bushe sai a tara su a fili, a rufe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta.

Abin da ya bambanta Ladi da sauran maginan ƙauyensu shi ne daidaiton hannunta da kyan zanenta. Randarta takan fito kewayayya sumul, ba karkata. A jikinta kuma sai ta ja layuka ta raba fili-fili, ta zana kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsu. Sannu a hankali sunanta ya wuce kasuwar ƙauye, har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa. Ki lura, Abujar da nake faɗi ita ce tsohuwar, wadda yau ake kira Suleja a Jihar Neja. A lokacin ƙaramin gari ne mai sarki da En'e, tun ba a ɗauki sunan an ba sabon birnin tarayya ba.

A shekarar 1950 gwamnati ta ɗauko wani Bature magini daga Ingila, mai suna Michael Cardew, ta sa shi ya zaga ƙasar nan ya duba yadda za a kyautata sana'ar tukwane. A gidan Sarkin Abuja ya ga aikin Ladi, abin ya ba shi mamaki ƙwarai. A garin nan kuwa aka kafa makarantar koyon ginin tukwane, Cardew yana shugabanta. Ɗalibanta na farko duk maza ne. Sai a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

To, 'yar'uwa, tsaya ki yi tunani a nan. Mace mai shekara kusan talatin, wadda ta riga ta yi suna a sana'arta, ta yarda ta koma ɗaliba a tsakiyar maza. Ta koyi gini a kan faifan da ake juyawa da ƙafa. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da ake shafa wa tukunya, wanda in ya sha wuta yakan narke ya zama kamar gilashi. Ta koyi gashi a cikin rufaffen tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, zafin da wutar ciyawa ba ta kusantarsa. Ta yi kwanuka da butoci da kofuna da farantai. Amma duk da haka ba ta yar da abin da ta koya a Kwali ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, tana zana dabbobinta, sai dai yanzu takan cike zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli a kai, zanen ya riƙa haskowa daga ciki.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da waɗannan randuna. Randar da ke ɗakinki tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska tana busar da shi, sai na ciki ya yi sanyi. Randar da aka shafa wa ruwan ƙyalli aka gasa a tanderu ba ta tsattsafo, ga ta da nauyi, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Watau randunan Ladi na Abuja sun tashi daga kayan aikin gida sun koma kayan ado masu tsada. Wannan bai rage darajar randar kasuwarmu ba ko kaɗan, kowace da amfaninta. Ladi ta iya duka biyun, kuma ta biyun ta tsaya ne a kan ta farkon.

Ba a daɗe ba ɗaliba ta zama malama. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, wasu mata huɗu sun biyo sawunta zuwa makarantar: Halima Audu, da Lami Toto, da Asibi Ido, da Kande Ushafa. Ɗakin da matan suke gina manyan randuna da hannu sai aka sa masa suna Ɗakin Gwari. Koyarwar Ladi ba ta allo da alli ba ce. Za ta ɗauki yumɓu ta yi, mai koyo yana kallo, sa'an nan shi ma ya gwada. Duk wadda ta taɓa koya wa yarinya tuƙin tuwo ko saƙar faifai ta san irin wannan koyarwa, ta kuma san irin haƙurin da take bukata.

An nuna tukwanenta a birnin Landan a 1958 da 1959 da 1962, masu saye suka yi rububinsu. A farkon shekarun 1960 ta tafi Ingila da kanta, ta kuma shiga Faransa da Jamus, tana gina randa a gaban malamai da ɗaliban manyan makarantu. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew. Mutanen da suka ƙoshi da karatun littattafai suka zauna shiru suna kallon hannun matar da ba ta taɓa zama a benci ba. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. A 1980 gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa wadda ake ba manyan masana, a 1981 kuma aka ƙara mata da OON. Makarantar da ta shiga tana ɗaliba aka sa mata sunanta. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. A 2007 aka fito da sabuwar naira ashirin mai ɗauke da hotonta.

Abin da ya sa na kawo miki wannan tarihi shi ne wani abu da nake gani a aji, yana kuwa damuna. In aka ce gobe ranar aikin hannu ce, kowace yarinya ta zo da abin da ta yi, sai in ga tsintsiya da mafici da faifai sababbi fil, waɗanda na san daga kasuwa aka sayo su. Wata ma kuɗi za a ba ta ta kawo a madadin aikin. Na taɓa tambayar wata 'yar aji biyar ko wa ya saƙa faifan da ta kawo, ta sunkuyar da kai, gama kakarta ce a gida gwanar saƙa, amma ba a taɓa zaunar da ita an nuna mata ba. Uwa tana ganin ta taimaki 'yarta, alhali ta koya mata abu biyu marasa kyau: cewa aikin hannu na wanda ya kasa karatu ne, da cewa ana iya sayen maki. Mu malamai ma muna da namu laifi, tun da muna karɓa muna yin shiru.

Nan bakin tafkin Kainji, daga Warra zuwa Ngaski da Yauri da Shanga, ba mu rasa gwanaye ba. Akwai tsofaffi masu ginin tukwane, da masu saƙar tabarma da faifai, da masu ɗinkin hula. Yawancinsu ba wanda ya zauna kusa da su yana koyo, kuma ranar da aka rasa ɗaya, da iliminta za a binne ta. Da uwar nan ta Kwali ta kori Ladi daga gindinta, ta ce je ki wasa kada ki ɓata zanenki, da ba mu da hoton kowa a bayan naira ashirin.

Ke 'yar makaranta, ki riƙe karatunki da kyau, ba wanda ya ce ki bari. Amma in an tashi hutu, nemi gwana ɗaya a gidanku ko a unguwarku ki durƙusa ki ce Inna koya mini. Ke kuma uwar gida, ranar aikin hannu ta gaba, ki bar yarinya ta yi nata da hannunta, ko da zai fito a karkace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yumɓu ma haka ne.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa hannuwansu su amfane su. Sai mun sake saduwa.